Mutumin da Ya Koma Jiya

Na sha jin ku, musamman ke Zeinabu, kuna cewa da ba don kakarku Inna ta hana ba da uwarku ta yi aikin buro, wato ofis, a Maradi kamar ƙawayenta na kwaleji. Ban san wanda ya fara ba ku wannan labari ba. Na daɗe ina jin shi ina yin shiru, shirun da bai kamata ba, tun da ana ɗora wa wadda ke kabari abin da ba ta yi ba. Inna ba ta hana ni ba, babanku ma bai hana ba. Ni na zaɓi zama. Tun da Allah ya ara mini kwana kuma ido bai gama tafiya ba, bari in rubuta muku yadda aka yi, ko da za ku yi dariya in kun ji cewa wani littafin Faransanci marar bango yana cikin maganar.

Kun san kuna da wa wanda ba ku gani ba, Lawali. Shi ne ɗana na fari. A zamaninmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane, ko kuka yake sai ta yi kamar ba ta ji ba har wata ta ce mata ɗauki ɗan mutane ki ba shi nono. Na yi shekara huɗu a kwaleji, na karanta abubuwa da dama, amma ban taɓa tambayar dalilin wannan ba. Yadda na ga uwata ta yi wa yayana Abdu haka na yi, har na fi wasu tsanantawa, domin ana ce mini ƴar lakkwal, wato ƴar boko, ana zuba ido a ga inda rashin kunyata zai ɓullo. Da aka yaye shi aka kai shi ɗakin Inna, uwar babanku, cikin gida guda, zana ce kawai tsakaninmu. Ita ke yi masa wanka, ita ke goya shi zuwa bakin tafki, tana ce masa maigidana. Ni kuwa Hadiza yake kirana kamar kowa. Yana gab da cika shekara uku ƙyanda ta shigo unguwa. Babanku ya tafi Maradi gyaran takardun jarrabawa, Inna ta rufe yaron a ɗaki tana ba shi jiƙo, ta ce ba a fitar da mai ƙyanda cikin iska. Ranar kwana na biyar babanku ya dawo ya ce a kai shi likita, kafin a ɗaura wa jaki amalanke Allah ya karɓi abinsa.

Ban yi kuka gaban kowa ba, mata suka yi ta yabon dauriyata. Amma daga ranar na ɗauke wa Inna zuciyata. Kowace safiya ina durƙusawa bakin ƙofarta in gaishe ta, in kai mata fura, in kwashe kwanonta, ban taɓa ɗaga mata murya ba, kuma ban ƙara ce mata komi ba bayan gaisuwa. A raina ita ta riƙe shi kwana biyar. Muka ci damina guda a haka, damina marar albarka, wadda ruwan tafki ya ja baya har aka ga ƙasar da tsofaffi suka ce ba su taɓa takawa ba. Ana cikin kaka wasiƙar yaya Abdu ta zo, ya samar mini gurbi a wani buro inda zan koyi buga takardu, in fara bayan Sallah. Babanku ya amince, ya ce zai nemi a mai da shi Maradi, Inna ta zauna tare da ƙanin mijinta, Baffa Malam, da iyalinsa. Da aka gaya mata sai ta ce Allah ya sa alheri, ba ta ƙara ba. Gaskiyar da ban gaya wa kowa ba ita ce ba aikin nake so ba. So nake in tashi da safe ban ga ƙofar ɗakinta ba.

A cikin waɗannan makonni na jiran tafiya littafin ya shigo gidan. Shekarar nan duk wani mushe, wato malamin lakkwal, da ke koyarwa tsakanin garin Gabi da garin Sarkin Yamma maganarsa yake yi, kwafi guda ne yake yawo hannu zuwa hannu a bayan kekuna. Lokacin da ya iso wurin babanku bangonsa ya daɗe da tafiya, wani ya yi masa riga da takardar buhun siminti ya ɗinke da zaren buhu, har sunan marubucin ya tafi tare da shafin farko, ni dai ban taɓa saninsa ba. Abin da ya fara ba ni sha'awa gefen shafukan ne. Kowa ya karanta sai ya bar ra'ayinsa. Akwai mai jan bik, wato jan biro, mushe ne tabbas, wanda ke ja wa kalmomi layi yana rubuta cewa wannan ba zai yiwu ba, kamar yana gyaran kaye, littafin rubutun ɗalibi. Akwai mai fensir da ke ba shi amsa a ƙasa, yana ce masa in kana son abin da zai yiwu ka karanta littafin lissafi. Akwai wani da bai rubuta komi ba sai a wuri guda, inda ya ce a nan na ajiye shi kwana uku.

Labarin wani injiniya ne a wani birni na bakin teku, wanda zazzaɓi ya kashe masa ƴarsa ɗaya tilo tana da shekara shida. Bayan shekara goma aka gano maganin cutar, ƙwaya ƴar ƙarama da ake samu ko'ina. Sai ya rufe kansa a ƙarƙashin gidansa wata shekara goma ya ƙera wani ɗaki na ƙarfe mai kujera guda, wanda in ya zauna ya murɗa wani hannu zai fita daga yau ya faɗa wata rana dabam. Sharaɗin injin shi ne duk inda ya sauka daga fitowar rana zuwa faɗuwarta kawai zai yi, sai ya fizgo shi ya dawo da shi. Kuma injin ba ya saiti. Yana neman shekara ashirin baya sai ya wurga shi zamanin kakansa, ko ya wurga shi gaba inda ba ya so.

Na fara karantawa ina ɓoyo, har ranar da tuwo ya kama a tukunya. Maƙwabciyarmu Gwamma, matar masunci, mai soya kifi, ita ta jiyo ƙaurin ta leƙo ta kan zana. Mutanenta Azna ne na wani ƙauye can gefen daji, ba ta sallah, amma ban ga wadda ta fi ta zumunci a unguwar nan ba, kuma bakinta ba ya tsoron kowa.

“Ƴar lakkwal, mi ke cikin wagga takarda da ya fi cikin mijinki?”

Na ce mata wani mutum ne ke son komawa jiya. Ta ce ai kowa na so, in ya samu hanya in gaya mata, tana da maganar da za ta janye tsakaninta da uwar mijinta. Washegari bayan la'asar ta zo da tabarmarta. Lokacin muna ɓarar ɗan abin da aka samu na gyaɗa don a ajiye iri, a inuwar itacen bedi na tsakar gida. Sai aka raba aiki, su ɓara, ni in karanta shafi a zuci in juya musu da Hausa. Matan Baffa Malam suka shigo ciki, babanku in ya taso daga lakkwal ya zauna kan kujerarsa yana gyara mini fassara, Baffa Malam kuma ya ce shi ba ya sauraron tatsuniyar Nasara, amma ya matso da buzunsa bakin zaure inda murya ke kaiwa. Inna tana can bakin ƙofarta da nata ƙwaryar gyaɗar, ta ba mu gefe, ba ta taɓa nuna tana ji ba.

Ba zan iya gaya muku yadda littafin nan ya kama ni ba. Akwai wurin da mutumin ke zaune cikin ɗakin ƙarfen yana kallo ta wata ƴar taga, kwanaki suna wucewa da baya. Ruwan sama yana tashi daga ƙasa yana komawa cikin girgije. Busasshen ganye yana tashi ya manne a reshe ya yi kore. Itacen ƙofar gidansa yana ƙanƙancewa har ya zama tsiro, ya shige ƙasa. Tsohuwar da ke wucewa kullum bakin titi bayanta na miƙewa, gashinta na yin baƙi, har ya gan ta yarinya an riƙe mata hannu. Da na juya wannan da Hausa sai na ji hannuwa sun tsaya da ɓara. Ranar da na je ɗiban ruwa na tsaya bakin tafki na daɗe ina kallo. Na ce ashe wurin nan da nake tsaye wasu mata sun tsaya da tulunansu tun kafin a binne waliyyan da ke kewaye da ruwan nan, wasu kuma za su tsaya bayan an manta da sunana, kuma duk waɗannan ranaku a wurin Allah a shimfiɗe suke kamar gero a kan tabarma, babu wadda ta ɓace masa. Mu ne ake ba mu ɗaya bayan ɗaya. Na yi ta tasbihi har gida. Ban taɓa zaton littafin wanda ban ma san ko yana da addini ba zai sa ni jin girman Ubangiji haka.

Amma fa masu sauraro ba su raga masa ba. Babanku ya bi bayan mai jan bik. Shi abin da ya dame shi injin ne: marubucin ya cika shafi goma da bayanin wayoyi da fitilu amma bai faɗi abin da injin ke sha ba, kuma in ɗakin ƙarfen a ƙarƙashin gida yake, da ya koma zamanin da ba a haƙa wurin ba ai cikin ƙasa zai tsinci kansa a binne. Ya ce duk da haka bai taɓa karanta wanda ya iya kwatanta gudu irin wannan ba, har jiri yake ji. Gwamma kuwa ta ce labarin da daɗi amma mutanen ciki ba su da tarbiyya. Mutum ya sauka gaban kakansa yana saurayi, bai durƙusa ba, bai tambaye shi gida ba, sai tambayar kwanan wata. Kuma tun da aka fara ba ta ji an ɗora tukunya ba, shin ba su cin abinci ne. Ta fi jin haushin yadda aka yi da uwar yarinyar, wadda aka ambata sau biyu aka ce ta koma gidansu, shi ke nan, kamar ba ita ta yi naƙuda ba. Da aka zo inda injin ya wurga shi gaba, ya tarar teku ta cinye birnin, kifaye na shiga ta tagogin benaye, ta ce wannan wurin ne kaɗai marubucin ya yi hankali, a ba mijinta aron injin.

Baffa Malam ya yi kwana shida bai tanka ba. Ran na bakwai ya yi gyaran murya daga zaure ya ce tafiya gaba ba abin musu ba ce, Allah ya taɓa sa wasu bayinsa barci a kogo suka farka bayan ɗaruruwan shekaru suna zaton wuni guda suka yi. Amma komawa baya, wannan roƙon da waɗanda suka ga mutuwa ke yi ne, kuma ba a amsa wa kowa ba. Ya ce mutumin nan jayayya yake da abin da aka rubuta, yana jin tsoron kada ƙarshen littafin ya ba shi nasara mata su ɗauka haka abin yake.

Gwamma ta ce, “To Malam, kai da ba ka saurare, ina ka ji duk wanga?”

Ya ce, “Iska ke kawo shi, Gwamma. Yadda take kawo mini ƙaurin kifinki ban saya ba.”

Ta ce su a wurinsu ba a buƙatar inji, wanda ya mutu bai yi nisa ba, yana nan gindin itacen gidansu, in kana da magana ka je ka faɗa masa. Baffa Malam ya ce Allah ya shirye ta, ta ce amin, in ya tashi shiryarwa ya haɗa da masu leƙen tatsuniya. Aka yi dariya. Na saci kallon Inna, kanta na sunkuye, hannunta na aiki.

Saura kwana tara Sallah muka zo babin ƙarshe. Na riga na ɗaure rabin kayana. Ban karanta babin a gaba ba, don haka tare muka shiga shi da su. A tafiya ta ƙarshe injin ya yi daidai, ya sauke shi a lambun gidansa da safiyar ranar da yarinyar za ta rasu, ƙwayar maganin na cikin aljihunsa. Sai tsoro ya kama shi. A zatonsa shi kansa na wancan lokaci yana cikin gidan, in suka haɗa ido bai san abin da zai faru ba. Ya laɓe ƙarƙashin tagar ɗakinta. Daga nan ya ji muryarta, shekara ashirin rabonsa da ita, tana cewa a ba ta ruwa. Babu kowa a ɗakin, uban ya fita neman mota, mai jinyar ta sauka ƙasa. Ya ɗaga hannu zai kama tagar, sai ya tuna ƙwayar ba ta aiki sai da wata allura da likita kaɗai ke da ita. Ya bar tagar ya ruga asibiti. Can ya wuni yana rantse-rantse, likitan na ɗaukarsa mahaukaci, aka kulle shi a wani ɗaki, yana kallon rana ta ƙarfen taga har ta faɗi. Injin ya fizgo shi. Ya buɗe ido a ƙarƙashin gidansa da ƙwayar a hannu, ya ɗauki guduma ya farfasa ɗakin ƙarfen. Iyakar littafin ke nan.

Na rufe littafin. Babanku ya ce wannan zalunci ne ga mai karatu, an ja mutum shafi ɗari uku an yar da shi, kuma mi ya hana injiniyan sake gwadawa ya sauka mako guda kafin ranar. Baffa Malam ya ce a'a, nan ne marubucin ya yi gaskiya, ko bai sani ba ya sallama wa ƙaddara a shafin ƙarshe, Allah ya sa ya sallama kafin nasa ƙarshen. Gwamma ta ce likitan ne ɗan banza, da ita ce da ta fasa masa kai da kaskon suya. Suna cikin haka sai muka ji muryar Inna, ba ta ɗago ba.

“Ba likita ne da laihi ba. Yarinya ruwa ta roƙa.”

Tun da aka fara karatun ba ta taɓa sa baki ba sai yau.

“Shekara goma yana ƙera ƙarfe don ya ji wagga murya. Ya ji ta, taga ce tsakaninsu, ya tahi neman allura. Da ya shiga ya ba ta ruwan ya zauna. Ko za ta mutu, ta mutu ta sha. Wanda ya rubuta abin nan ya san ciwo, amma bai san inda ciwon yake ba. Ya aza shi ga magani.”

Ta ajiye ƙwaryar. Babanku bai taɓa jin ta yi doguwar magana gabansa ba, shi ma ɗan farinta ne, har ta rasu ba ta kira sunansa ba. Ya miƙe a hankali ya fita, Baffa Malam ya bi shi, wai za su duba alwala. Matan suka tattara tabarmi. Gwamma ce ta ƙarshe, ta dafa kafaɗata ta wuce. Muka rage mu biyu, ni da littafin a cinya, ita tana kallon ƙasa.

“Ƴar lakkwal, na san abin da kike riƙe da ni. Kwana biyar ɗin nan. Ki riƙe, kina da gaskiya, ni ma ina riƙe da su. Amma ba su ke hana ni cin tuwo ba. Ranar da zai tahi, da hantsi, ya kira ki. Sau uku ya ce Hadiza. Ɗakin cike da mata, Malam na tofi, na ce in na aika a kira ki za a ce mun zubar da kunya, ke da ni. Na ce masa tana zuwa. Ban aika ba.”

Ƴaƴana, ga abin da ban taɓa gaya wa ko babanku ba sai bayan shekaru. Na ji kiran nan. Ina bayan zana ina daka, na ji na farko na tsai da taɓarya, na ji na biyu, na ji na uku. Taku biyar ne tsakanina da ƙofar. Na tsaya ina jiran wata ta leƙo ta ce Hadiza zo, don in shiga ba da kaina ba. Babu wadda ta leƙo. Sai na ci gaba da daka, da ƙarfi, don kada in ji na huɗu. Duk watannin da na yi ina ɗora wa Inna kwana biyar, wannan hantsin nake rufewa da su, domin ya fi sauƙi in ga laifinta da in tuna da taɓaryar nan a hannuna.

Na ce mata, “Inna, na ji shi. Ina nan bayan zana.”

Ta ɗago ta dube ni, karo na farko tun rasuwar. Ta ce, “Ashe mu biyu ne.”

Ban san lokacin da na isa wurinta ba. Na kifa kaina a cinyarta na yi kukan da ban yi ba wata bakwai, tana shafa bayana tana cewa ya isa, ita ma nata na zuba a wuyana. Har aka kira magariba muna nan, kaji na cin gyaɗar iri babu mai kora.

Washegari da na kai mata fura ban tsaya bakin ƙofa ba, na shiga na zauna. Ban taɓa zama a ɗakin ba tun da aka yaye Lawali. Sai na tambaye ta wane gefen gadon yake kwana. Ta nuna mini. Daga nan ta fara. Ta ce ba ya cin tuwo sai an yi masa ƴar rijiya a tsakiya an zuba miya. Ta ce yana tsoron raƙumi amma ba ya tsoron kunama, sau biyu tana fizge shi. Ta ce in sun je bakin tafki sai ya yi wa shamuwa sallama, in ba ta amsa ba ya ce ba ta da kirki. Ina zaune ina ji kamar ana ba ni labarin wani baƙo, alhali ɗana ne, shekara guda yana yawo a tsakar gidan da nake shara, ina kau da kai duk lokacin da ya gifta. A nan na gane cewa duk abin da ya rage na Lawali a duniya yana cikin kan tsohuwar nan, kuma ta haura sittin. In na tafi Maradi zan riƙa zuwa da Sallah in gaishe ta cikin mutane, ba za ta faɗi ko ɗaya ba, rana guda a aiko mini ta tafi da su duka.

Na kwance kayana. Na rubuta wa yaya Abdu na ba shi haƙuri, ban gaya masa dalili ba, don ban san yadda ake rubuta irin wannan ba. Ya yi fushi ƙwarai, ya ce na kunyata shi gaban wanda ya roƙa, kuma shi ya fara cewa tsohuwa ta kanainaye ni. Ina jin daga bakinsa maganar ta gangaro har ta iso gare ku. Shekara biyu bai tako gidanmu ba. Gurbin aka ba wata da muka yi aji guda, ta yi aiki har ta tsufa a ciki, ta gina gida, ta je Makka tun ina wanke muku tsumma. Ba zan ce muku ban taɓa jin komi ba. Akwai ranakun da na ga takarda da tambarin buro a hannun babanku na daɗe ina kallonta, kuma Faransancina ya yi ta zubewa har ya zama sai na yi tunani kafin in haɗa jimla. Littafin kuwa babanku ya miƙa shi ga wani mushe na Sarkin Yamma, ban sake ganinsa ba. Har yau ina ganin marubucin ya yi abin mamaki, kuma har yau ina ganin Inna ta fi shi gaskiya.

Shekara shida muka yi da ita bayan nan. Ba kullum take ba ni labarin ba, sai abin ya zo mata, muna tsince wake ko ina yi mata kitso, ta ce af, na taɓa gaya miki ranar da ya sa takalmin Malam. Da aka haife ka, Issufu, ita da kanta ta ce ba za a kawo mata kai ba bayan yaye, in riƙe abina in kira shi da sunansa kowa na ji. Mata suka yi surutu, ta ce a zo a same ta.

Na ƙarshen da ta ba ni tana kwance ne, kwana biyu kafin ta cika. Ta ce ta ajiye shi ne don tana tsoron zai yi mini nauyi. Wai kullum in na dawo daga ɗiban ruwa yana gane takuna tun ban shigo ba, sai ya bar abin da yake yi ya je ya manna ido a wata ƴar kafa ta zana yana kallona har in sauke tulu. Rannan ta tsokane shi ta ce maigidana, mi kake kallo wurin Hadiza, ai baƙuwa ce. Ya juyo ya ce mata, ba baƙuwa ba ce, tawa ce, kunya take ji.

Allah ya jiƙan Inna, ya jiƙan Lawali, ya haɗa mu inda ba a kau da kai. Kada in sake jin ɗayanku ya ce ta hana ni wani abu.